Baba Ishaya Mai Kibod Ya Tafi Gida

Da safen nan ina shirin fita makaranta wayata ta yi ƙara. Alhaji Nasiru ne, mai shagon fata a kasuwar Kurmi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malama Rahila, sai haƙuri. Malam Ishaya ya riga mu gidan gaskiya."

Na zauna a bakin gado. Har yanzu ban iya fita ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Ishaya shi ne mai kaɗa mana kibod a coci tun ina 'yar makarantar Lahadi. Sauran ranaku kuwa gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago a bakin Kurmi, jikin na Alhaji Nasiru. Babu telan Yakasai da bai san shi ba.

A shagon nan ya koya min kiɗa. Yana da wani ƙaramin kibod mai batir da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Sai ya rage masa murya, ni ina dannawa, shi yana kwance keken wani, amma ko yatsa ɗaya na kuskure sai ya ɗago kai. Da an kira la'asar zai ɗora hannunsa a kan nawa ya ce, "Dakata, 'yata, maƙwabta za su yi salla." Mu yi shiru har a idar.

Alhaji kan leƙo ya ce, "Malam Ishaya, ɗalibar nan taka ba ta da wata waƙar ne? Ni ma fa na kusa haddacewa."

Mutane suna ganin mai kiɗa a gaba ranar biki, su ɗauka shi ya fi kowa jin daɗi. Tun Nuwamba Baba yake rufe shago da wuri saboda gwajin waƙoƙin Kirsimeti. Ranar Kirsimeti shi ne farkon zuwa, ya gwada wayoyi, ya leƙa janareta. Ya kaɗa a sujadar Hausa, ya kaɗa a ta Turanci, sannan zumuntar mata su ce ba inda za shi sai sun taka. Kafin ya isa gida shinkafa ta huce, baƙi sun watse.

Mama Saratu, matarsa, takan ce, "Ni ai ranar Kirsimeti ƙeyar Ishaya kawai nake gani."

Ba zan manta wata Ista ba, karon farko da aka ba ni jan baiti ni kaɗai. Tsoro ya sa na ɗauko waƙar can sama, ba inda muka koya ba. Kafin in ƙarasa layin farko Baba ya biyo ni, ya ɗaga kiɗan ya same ni a inda nake. Babu wanda ya gane. Da aka tashi na je ba shi haƙuri, ya ce, "Haƙurin me? Mai kiɗa ba ya barin mai waƙa a hanya."

Bara hannunsa na dama ya fara karkarwa. Ya yi ta ɓoyewa, mu ma muka yi kamar ba mu gani ba. Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ya kira ni shago.

Ya ce, "Bana ke za ki zauna a kujerar kibod."

Na ce, "Haba Baba, Kirsimeti fa. Coci cike, ga baƙi. A bari sai wata Lahadin."

Ya miƙo min hannun, muka zuba masa ido yana rawa. Ya ce, "Kin gani? Ya ce ya gaji. In na nace, jama'a zan ɓata wa sujada."

Ban taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar.

Da ranar ta zo, na zauna a gaban kibod. Na fara waƙar farko da gudu kamar ana kora ta. Sai na ji gyaran murya a bayana, irin wanda na sani. Na waiga. Ga Baba a benci kusa da Mama Saratu, littafin waƙa ɗaya a tsakaninsu, yana buga gwiwarsa a hankali. Na bi hannunsa, na sassauta, coci ta ɗauka gaba ɗaya.

A ranar na fara jin Baba yana waƙa. Jama'a, ashe Baba ba shi da murya ko kaɗan! Amma ya fi kowa ɗagawa. Mama tana dariya tana share hawaye da bakin gyale.

Ranar Asabar da ta wuce na biya ta Kurmi. Baba ya daina aiki sosai, zama kawai yake zuwa yi don ya ce gida shiru. Na same su shi da Alhaji suna shan shayi. Baba ya tambaye ni ko mun fara waƙoƙin Ista, na ce mun fara.

Ya ce, "Ranar Jumma'a Mai Kyau kada ki cika kiɗa. Ki bar tsofaffi su ja numfashi tsakanin baiti da baiti."

Na ce zan dawo in kaɗa masa ya ji. Ya ce, "Allah ya kai mu, 'yata." Ya rako ni har bakin layi.

A waya ɗazu Alhaji ya ce jiya da yamma jikin Baba ya tashi, shi da kansa ya kai shi asibiti. Ya ce yau 'yan layinsu ba za su buɗe shago ba sai sun je sun gai da Mama.

Baba, ka gama naka. Ubangijin da ka bauta wa da yatsunka ya karɓe ka, ya ba ka hutu. Ya ta'azantar da Mama Saratu da yara da jikoki, ya ba Alhaji Nasiru da maƙwabta haƙurin rashin aboki.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa iyalin a addu'a. Ku sa ni ni ma. Lahadin nan akwai sujada, kuma ban san yadda zan danna waƙar farko ba.