Simintin da na sa aka shafa wa masallacin kakanmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Adiza, kuma a duk shekarun nan ban taka tsohon masallacin gidanmu ba sai ranar Talatar da ta wuce. Ba nisa ne ya hana ni ba. Daga unguwar Vittin inda nake zaune, yalo-yalo ɗaya, wato keken haya mai ƙafa uku, ke kai ni zango. Kunya ce, gara in faɗa da bakina.

Ga wanda bai san shi ba, masallacin na ƙasa ne. Kakanmu da ƙannensa, fataken goro da suka baro Salaga, su suka gina shi da arziki ya zo. Wannan labarin ake ba baƙi masu zuwa ɗaukar hoto. Ba a gaya musu cewa maza sau ɗaya suka gina, mata ne suka riƙe ginin. Kowace shekara kafin ruwan farko matan gidan kan fito yaɓe: a tankaɗe jar ƙasa, a kwaɓa da ƙaiƙayi da dusar kaɗe, a shafe bangon da hannu, a bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Bayan mahaifiyarmu, Yaya Adiza ce ta riƙe aikin. Ba ta san harafi ko ɗaya ba. Ni kuwa ruwa nake ɗebowa ina mita.

Ina da shekara arba'in da uku na shiga makarantar manya. Na iya karanta allon bakin titi, sai kaina ya kumbura. A taron gida na miƙe na ce mun gaji da wahalar banza, a shafe masallacin da siminti kowa ya huta. Yaya ta dube ni ta ce:

"Memuna, bangon ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa. Kika sa masa siminti, zai sha, ba zai fitar ba."

Na ce mata wannan zancen waɗanda ba su je makaranta ba ne. A gaban ƙannenmu maza na faɗa, aka yi dariya, aka bi maganata. Yaya ta ci gaba da sallarta a masallacin, sai dai in za ta wuce takan dafa bangon jim kaɗan, kamar mai duba zazzaɓi. Damina uku bayan haka ta rasu. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, Baba Ladan kaɗai na tarar. Ya tsufa ƙwarai, amma bakinsa na nan. Ya tambaye ni ko yau hanya ce ta ɓace mini. Sannan ya ja ni bangon gabas, ya ce in ƙwanƙwasa. Bangon ya amsa kamar ƙwarya. Na ɗauke hannu zan yi magana, ya ce, "Tsaya, Hajiya. Saurara."

Ƙasa ce ke zuba a ciki, bayan simintin, a hankali, ba ta tsayawa. Daidai ƙarar rariyar Yaya in tana tankaɗe. Ni ba mai tsoron fatalwa ba ce, amma sai da na zauna a ƙasa. Ladan ya ce kullum yana jin ta tsakanin kiran salla da iƙama. Ya riga ya janye sahun gaba baya da tabarma biyu, liman yanzu a tsakiyar ɗaki yake tsayawa.

'Ya'yan ƙannena sun gama shawara. In bangon ya faɗi a daminar nan, za a rushe sauran a yi na bulo da tayil. Ban zarge su ba, ni na koya wa iyayensu raina ƙasa. Me Yaya za ta ce da ta ga wannan? Na san ta. Ba za ta ce ai ta faɗa ba. Za ta tambaya ko an jiƙa ɓawo, in an ce a'a, ta ɗaura gyale ta fita nema.

Haka na yi. Na samu dattawan gida sun yarda a ɓare simintin, in har zan kawo masu yaɓe. Na bi unguwannin Nyanshegu da Gurugu ina neman tsofaffin da suka yi aiki da ita. Huɗu suka rage. Ɗaya ta tuna awon ƙaiƙayi. Ɗaya ta tuna ramin da ake haƙo ƙasa, amma yanzu gidaje ne a kai. Da na tambayi kwana nawa makuba ke yi kafin ta nuna, duk suka ce Adiza ba ta ƙirga kwana. Buɗewa take ta shinshina, ta ce ta yi, ko ta ce da saura.

Abin da ya rage nata ke nan. Sunanta ba ya jikin ƙofa. Iliminta ya warwatse a hannun tsofaffi huɗu, mafi girmansa kuma ya bi ta kabari, don wadda ya kamata ta karɓa tana can tana mita. In akwai macen da ke karanta wannan, ko ake karanta mata, wadda uwarta ta koya mata makuba, ta zo ta koya mini, ni mai karatun.

Na jiƙa ɓawo a baho uku a tsakar gidana. Kullum da safe ina buɗewa in shinshina, ban san warin da nake jira ba. Jiya da yamma hadari ya fara haɗuwa a gabas.