Layin Ƙwarya da Ƙafafun Auta

Yaya Talatu, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba, ke kuwa kin fi ni sanin waɗannan abubuwa.

Kin san Sadiya, autata, an ba ta aikin kwamfuta a Legas. Ta ce ba za ta amsa musu ba sai na ce na yarda. Ni kuwa kullum sai in ce mata bari mu gani. To shekaranjiya ina tsince shinkafa tana gefena tana aikinta, na ce wai me kike ta ƙwanƙwasawa ne? Ta ce, "Umma, abubuwa ne a jere, kowanne da sunansa da adadinsa. Kwamfuta tana tara masu suna ɗaya wuri ɗaya tana haɗa su. Amma jerin malalaci ne, ba ya miƙo na gaba sai an nema." Na ce ashe har a kwamfuta akwai irin yayanki Habu. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kuma ba a sanin jimilla sai na ƙarshe ya shigo.

To a mafarkin, ga ni a tsakar gidanmu na ƙauye, amma ƙasar santsi take tana haske kamar gilashi. Buhuna a jingine da bango, bakinsu a buɗe. Mata sun yi layi a zaure, ban ga ƙarshensu ba, kowacce da ƙwarya a ka. Ba mai shigowa sai na ce, "Ta gaba." Mai gero in juye a buhun gero, mai wake a na wake. Wata ta zo da riɗi, babu buhunsa, sai kawai wani sabo ya tsiro daga ƙasa ya buɗe baki.

Wata murya daga rumbu ta ce, "Gero nawa ya taru?" Na ce ki bari layi ya ƙare mana, ai ana ta kawowa.

Da na gaji sai na daina juyewa, ina ta ɗora ƙwarya kan ƙwarya ina cewa anjima. Suka yi tsiri har suka wuce katanga, suna rangaji. Sai kawai ga marigayiya Inna da tsintsiya a hannu, ta dube ni, ta dubi ƙoren. Kunya ta kama ni na juye su duka.

Sai kawai zauren ya yi tsit. Mutum ɗaya ta rage a bayan asabari. Ƙafafunta kawai nake gani, da silifas ɗina da take yawan sace mini. Sadiya ce, Yaya. Ta tsaya da ƙwaryarta, ba ta yi sallama ba, ba ta ko yi gyaran murya ba, jira kawai take. Ni kuma na san idan na kira ta, layi ya ƙare, za a ɗaure buhuna, ga ƙarar mota ina ji a waje. Na yi ta gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Ina kallo tana sauya ƙafa don gajiya. Na buɗe baki zan kira ta, sai kiran sallar asuba ya tashe ni.

Na fito na tarar Sadiya ta riga ta ɗora mini ruwan alwala, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta ce uffan a kan Legas ba.

Yaya, don Allah mene ne fassararsa? Kuma me ke cikin ƙwaryar tata, da ban bari ta shigo na gani ba?