Bara'atu da Zabirar Wanzamin Wurno

A Wurno aka haifi Bara'atu, a gidan Sulaimanu wanzami. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, 'ya'ya mata uku ne, ita ce auta. Wanzanci kuwa gado ne na maza, don haka babu wanda ya taɓa tunanin koya mata. Sai da idon tsohon ya fara rauni, ya koma yana wasa aska har ta yi giɓi bai gani ba, sannan wata safiya ya miƙo mata dutsen wasa aska.

"Ki kwantar da bayanta tukuna," ya ce, "kada ki danna. Aska ba fartanya ba ce."

Shekara huɗu tana yi masa wannan aiki a tsakar gida. Ta zuba wa dutse ruwa, ta wasa, ta goga a fata, ta jera masa askokin a zabira, jakar fatar da yake ratayawa in zai fita. Shi kuma ya tafi gindin ɗorawa inda dattawa ke jiransa. Ko sau ɗaya ba ta ga yadda kaifin da ta yi yake tafiya a kan mutum ba. In ya dawo sai ta tambaya, "Baba, ta ci?" Ya ce, "Ta ci." Iyakar maganar ke nan.

Aure ya kawo ta Birnin Kudu, gidan Malam Muhyiddeen, malamin Islamiyya. Tana goyon 'yarta ta fari Baba ya rasu. Da aka zo rabon gado, zabira ta tafi hannun Hambali, ɗan baffanta da ke Gwaram, tunda shi ne namijin da ya fi kusa. Ta so ta ce a bar mata ko da dutsen, kunya ta hana ta. Wannan shirun ya daɗe yana cinta.

Shekara ashirin da biyu suka wuce. Wani suna ya kai ta Gwaram, tana zaune a ɗakin matar Hambali sai ta hango zabirar a bayan buhun dawa, ɓera ya cinye gefe ɗaya. Ashe Hambali bai yi wata shida yana aski ba ya sayi babur ya shiga acaɓa.

"Yaya Hambali, ko za ka bar mini wannan?"

Ya yi dariya. "Me za ki yi da ita? Da 'yan gwangwan sun zo da tuni na ba su. Ɗauki."

A cinya ta riƙe ta har Birnin Kudu. Askoki biyar ne a ciki. Huɗu ƙirar maƙera, ɗaya kuwa mai ninkewa ce da ƙotar ƙaho, wadda wani alhaji ya yi wa Baba tsaraba. Duk sun yi ja da tsatsa, mai ninkewar ma ta ƙi buɗuwa. Dutsen babu. Hambali ya ce ya tokare ƙofa da shi, daga baya ya ɓace.

Da abin da ke cikin gida ta fara. Ta jiƙa su a ruwan lemon tsami, ta dirje da toka da tsumma, ta ɗiga wa mai ninkewar man keken ɗinki kwana uku har ta saki. Ƙotar ta tsage, sai ta sa mahauci ya samo mata guntun ƙaho, ta kankare shi da fasasshiyar kwalba. Tsohuwar ɗamarar Malam ta zama fatar goga aska. Dutse ne ya ba ta wahala. Na kasuwa garas-garas ne, ya dace da wuƙar nama, amma aska sai ya ci bakinta. Haka ta haƙura da shi, tana ƙarasawa a gindin wani tsohon tangaran.

Malam yakan tsaya ya kalle ta in ya dawo daga makaranta. "Kan wa za a aske?"

"Babu kowa, Malam. Ba na son ganinsu a haka ne."

Bayan shekara biyu ya faɗi a aji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo su daga asibiti, gashinsa ya taru, shi da ba ya kai mako bai yi ƙwal ba. Aka kira mai aski da inji, ƙarar ta sa shi kuka kamar yaro. Ranar Juma'a da hantsi, da bakinsa da ya karkace, ya ce mata, "Ɗauko ta babanki."

Ta jiƙa kan. Ta ɗora askar a ƙeya, ta ja. Gashin ya zubo ba gardama, da wani ɗan sauti siriri da ba ta taɓa ji ba. Sai da ta tsaya ta share ido da gefen zane kafin ta ci gaba. Tana da shekara arba'in da uku a ranar.

'Yarta Khuzaima, da ke karatun jinya, ta kafa mata doka: wannan askar ta Abba ce shi kaɗai, kada ta taɓa kan wani, saboda cututtukan zamani. Bara'atu ta yarda. Sauran huɗun suka zauna a zabira ba mai su. Duk da haka kowace Alhamis takan fito da su ta goge, ta shafa mai.

Wata rana Dabo ya zo dubiya daga Zandam. Tsohon wanzami ne, abokin Baba, yanzu ya koma kiwon 'yan shanunsa. Ya karɓi ɗaya ya gwada a gashin hannunsa.

"Wa ya wasa miki?"

"Ni ce, Baffa."

"Hannun ya yi. Dutsen ne bai yi ba." Ya mayar mata. "Namu baƙi ne, mai santsi kamar sabulu. Tare muka haƙo shi da mahaifinki a wani rafi bayan ƙauyenmu, muka raba biyu. Nawa yana nan wani wuri. In na gan shi zan kawo miki."

Damina biyu ke nan Dabo bai dawo ba. Wani ya ce ƙafa ce ta matsa masa, wani ya ce ya bi ɗansa Bauchi. Ita kuwa ba ta da halin barin Malam ta tafi Zandam. Malam yana samun sauƙi, har ya fara jingina da bango yana sauraron haddar ɗalibai. Ranar kasuwa, in ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, takan ajiye abin da take yi ta saurari sallamar.