Yadda Na Auna wa Gwaggo Nisan Roma da Ƙafa

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori ni matashi ne, makaniki a garejin Turawan da ke aikin, ina zaune a Talata Mafara, ina ji da kaina ƙwarai. Ni na ɗauko ɗan gwaggona daga Tsibiri na sama masa aiki a garejin, ni na koya masa riƙon sifana. Taubashina ne, kullum ina tsokanarsa da baƙauye. Cikin shekara biyu baƙauyen nan ya wuce ni. Injin da zan wuni a kansa, shi da kunne yake gano ciwonsa. Da aka ce za a tura mutum ɗaya Italiya ya koyi gyaran manyan injuna na wata uku, sunansa aka kira. Na yi masa murna da baki, amma ranar ko abinci ban iya ci ba. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Ranar Juma'a na hau keke na je gaishe da Gwaggo. Bayan mun gama gaisawa ta tambaye ni inda wannan Roma da za a tura ɗanta take, don ta yarda da ni. Na san mahaifinta ya tafi Makka a ƙasa tana ƙarama, bai dawo ba, kuma da tafiyarsa take auna kowane nisa. Sai na ce mata Roma ta kusa kai Makka nisa, har da teku a tsakani. Ban ce mata a jirgin sama za a tafi ba, ban ce mata tafiyar ba ta kai wuni ɗaya ba. Na bar ta tana lissafin shekaru. Ta aika aka kira ɗanta, ta ce in ya tafi ba ta yafe masa ba. Ya yi bayani, ya kawo malami ya yi bayani, ta ce duk daɗin baki ne, ta riga ta ji gaskiya daga wanda ba zai cuce ta ba. Bai ƙetare maganar uwarsa ba. Aka ba ni gurbinsa.

Mun tashi daga Kano da hantsi, muka sauka Roma kafin la'asar, awa biyar da 'yan mintuna. Motar da ta kai ni Kano daga Mafara ta fi jirgin daɗewa a hanya. Da na dawo shi ya tarye ni a tasha, ya ɗaukar mini jaka, ya tambaye ni awa nawa muka yi a sama. Na faɗa masa. Sai ya ce Allah bai nufa ba.

Da aikin madatsa ya ƙare, takardar shaidar da na samo a Italiya ta ba ni aikin gwamnati. Shi ya koma gyaran injin ban-ruwa a bakin hanyar Bakura, nan ya tsufa. Abin da na koya shi ne mutum yana iya yin ƙarya ba tare da ya faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba. Ku masu karatu, in wanda ya yarda da ku ya yi muku tambaya, ku ba shi amsar gaba ɗayanta, musamman ranar da zuciyarku ke ƙuna. Har yau taubashina bai san da wa uwarsa ta yi shawara ba. Ita kuwa Gwaggo har ta rasu tana sa mini albarka, wai na tsare mata ɗa.