Gashin da ke bakin mataji

Wata 'yar ƙara ce, ƙir-ƙir-ƙir, sai ka kai kunne kusa za ka ji ta. Ita na ji a cikin kwamfutata ranar da na karɓo ta daga wurin mai gyara.

Da kwamfutar nake buga wa ɗalibai takardunsu a nan Gwadangaji. Da ta fara nauyi, aka ce in canza faifan ajiyarta, wato inda take tara duk abin da aka zuba mata, in sa sabon samfurin da yake da sauri kuma ba ya ƙara. Na kai, aka sa. Na dawo gida na kunna, ga nauyi yana nan, kafin ta buɗe sai ka dama kunu ka sha. Ga kuma ƙarar. Sai a lokacin na tuna mutumin bai ba ni tsohon faifan ba, ni ma ban tambaya ba. A cikinsa akwai hotunanmu na ranar lallen yayata, ni da ƙawayena a ɗaki, kai ba ɗankwali, muna ta shirme. Hotuna ne da ko ƙannenmu maza ba su taɓa gani ba.

Nan take kakata ta faɗo mini a rai.

A Argungu na tashi, a hannunta, gidan da ƙaurin bandar kifi ba ya barin tufafi. In an gama yankan shinkafa, aiki ya lafa, takan kira wata maƙwabciyarmu ta yi mini kitso a gindin darbejiya. Shekara da shekaru suna tare da matar nan, ludayi ɗaya suke shan fura da shi. Amma muddin ana tsefe kaina kaka ba ta tashi daga wurin. Idonta na kan mataji. Duk gashin da ya fita sai ta tsince, na bakin mataji, na kan tabarma, har wanda ya maƙale a zanen mai kitso. Ta murza shi a tafin hannu da sauran man shanu, ta zagaya bayan rumbu ta tura shi cikin ƙasa.

Na taɓa tambayarta ko ba ta yarda da matar ba ne.

“Na yarda da ita mana,” in ji ta. “Wanda za shi biyo bayanta ne ban sani ba. Ke wagga ɗiya, abin da yah hita jikinki kak ki bar shi ga mutane.”

Haka farce, haka haƙorin da ya faɗi. A lokacin tsufa kawai na ɗauke shi.

Na hau kabu-kabu na koma shagon. A rufe. Mai sayar da caja na gefe ya ce mai gyaran ya yi tafiya ƙauyensu, kuma sai na ga kamar yana kallona fiye da kima. Na kira wayar mai gyaran, a kashe. Daga nan kowa ya zama abin zargi. Samari biyu suka yi dariya a kan waya ɗaya a bakin titi, na ce shi ke nan, ni ce. Ƙarar nan kuwa na ƙudurta wani abu mai gyaran ya dasa yana leƙena, har na liƙe idon kamarar da filasta. Ban iya gaya wa ƙawayena ba. Da wane baki?

Da na kasa cin abinci, na ɗauki kwamfutar na tafi unguwar Badariya wurin yayana, wanda ya ɗan san kan kwamfuta. Ya kunna, ya kara kunne, ya kalle ni.

“Ke, wa yac ce miki an hidda tsohon? Ga shi nan yana nishi.”

Ya kwance bayan kwamfutar ya nuna mini. Mai gyaran ya sa sabon a wani gurbi daban, ya bar tsohon inda yake, kwamfutar kuma ta ci gaba da tashi daga tsohon kamar ba a yi komai ba. Yaya ya kwashe abin da ke ciki ya mayar kan sabon, ya cire tsohon, ya kunna. Kafin in gyara zama ta buɗe, shiru, ba ƙara. Ya ajiye mini faifan a hannu, da ɗuminsa.

Na ce, “To kwanakin da ta yi a shagonsa fa? In ya kwafa?”

“Wanda ya kasa gama aikinshi,” in ji yaya, “ina ya ga lokacin kallon kitsonku?”

Wataƙila gaskiyarsa. Amma shi ma bai sani ba, na gani a fuskarsa.

Na naɗe faifan a tsohon ɗankwali na tura shi ƙarƙashin akwati. Hotunan na goge su daga sabon. Kaka, Allah ya jiƙanta, tana iya tattara duk abin da ya fita daga jikina a tafi ɗaya ta san inda ta binne shi. Ni kuwa na riƙe nawa a hannu, amma har yau in na ga mutum ya ɗago daga wayarsa ya dube ni, sai na taɓa ɗankwalina.