Ranar da Inna ta raba masa

Ranar da aka cire mini ƙarin ruwa na ƙarshe a Yamai, lokotoro ya ce maganin sankarar ya yi aikinsa, ƙullutun da ke nonona na hagu ya motse. Sannan ya miƙo mini takarda. In je gida in huta sati uku, in dawo a cire nonon gaba ɗaya. Na ƙulle takardar a bakin zane. Maigidana kaɗai ya sani, shi kuwa daga tasha har Maraɗi bai buɗe baki ba sai don goro.

Kafin mu iso Madarumfa labari ya riga mu, wai an gama magani. A wurinmu kuwa in an gama magani, to an warke ke nan. Inna, mahaifiyata, ta jiƙa gero tiya biyu ta toya masar sadaka, aka bi gida gida da ita, har masunta na bakin tabki sun samu. Mata suka cika tsakar gida suna barka da arziki. Ni ina kan tabarma, ba gashi ko ɗaya a ƙarƙashin kallabina, bakina ɗaci kamar na tauna ganyen bedi, ina ta amsawa. Wallahi haushi ya kama ni. Ba su yi laifin komai ba, amma na ji kamar in kife tandar.

Inna nake tsoro. A garinmu kowa ya tashi da jin cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Ta sha faɗin haka a gabana. Ƙarin ruwan ma da ƙyar ta yarda. Na san halina: in ta ce a'a, ba zan koma ba. Ga shi ni ce 'yar farinta, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunana ba, sai dai “ke” ko “'yar nan”. Shekara arba'in ba mu taɓa doguwar hira ba.

Bayan la'asar baƙi suka watse. Tana kankare tanda a bakin murhu, na ja tabarmata kusa.

“Inna, ba a gama ba. Sati uku zan koma, cire nonon za a yi.”

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kankare tandar.

“In an bar shi fa?” in ji ta.

“Lokotoro ya ce ciwon zai dawo.”

“In an cire, ya ce za ki tashi?”

“Ya ce yana sa rai. Bai yi alkawari ba.”

Ta kife tandar a jikin bango, ta goge hannu da zane. Na jira maganar ƙarfe, ba ta zo ba.

“'Ya'ya biyar ya shayar,” ta ce. “Babu mai jiransa yanzu. Masar ma ba ta tafi a banza ba, ta zama sadakar hanya.”

Sai ta kira sunana, sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Har na waiga in ga ko da wata take.

“Ki je a cire. Ni ke nake so a bar mini.”