Muntari Mai Lodin Yashi

Muntari bai taɓa nufin zama mai lodin yashi ba. Manomi ne ɗan manomi a Fassi. Gonar da mahaifinsa ya bar masa tana bakin rafi, da bishiyoyin mangwaro a gefenta, ƙasa ce mai ba da dawa da albasa. Shekarar da tifofi suka fara shigowa daga Kano neman yashi, rani ne, babu aikin gona, sai ya saɓa shebur ya bi mutane. Ya ce da matarsa Bara'atu kafin ruwa ya sauka ne kawai.

Yashin rafin nasu fari ne, mai kaifi, ba ya da laka, shi ya sa masu buga bulo suke rububinsa. Wata rana Malam Mahdi, wani malamin kimiyya daga Kibiya, ya zo sayen na ginin ɗakinsa. Ya damƙi yashin ya ɗaga shi a rana.

"Ka ga wannan ƙyallin?" in ji shi. "Akwai wani sinadari a ciki, silikon. In ka cire oksijin, babu abin da ya fi shi yawa a jikin ƙasa. Da shi ake gilashi, da farantin sola, har da ƙwaƙwalwar wayar da ke aljihunka."

Muntari ya ce, "To Malam, ba zai ƙare ba ke nan."

"A duniya dai ba zai ƙare ba. A rafinku kuwa, ban sani ba."

Ruwa ya sauka, ya ɗauke, Muntari bai ajiye shebur ba. Rafin ya yi ta zurfi. Wata damina ruwa ya zo da ƙarfi ya tarar da gaɓa ba ta da gindi, sai ta rufta, ta tafi da mangwaro ɗaya da kunyoyin dawa masu yawa. Abin da ya girba bai kai su bazara ba. Ya koma rafi, wannan karon ba don rage zaman banza ba.

Bara'atu ta ce masa, "Baban Luba, da hannunka fa kake haƙe gonar nan."

"Na sani."

"To ka bari mana."

"In na bari, sauran za su bari? Gonar za ta tafi, kuma mu kwana da yunwa."

Ya gwada fita daga harkar yashin. Ya tara masu gonakin bakin rafi suka je wajen mai unguwa, aka hana ɗiba. Ba a yi wata guda ba, waɗanda suka kai ƙarar da kansu suka fara kiran direbobi, don tukwane sun daina hawa murhu. Ya sa gonar a kasuwa. Duk wanda ya zo sai ya leƙa gaɓar, ya ce Allah ya kyauta, ya hau babur ɗinsa. Ya tafi Kano dako, bayansa da shebur ya riga ya cinye ya ƙi ɗaukar buhu, ya dawo.

Abin da ya iya kawai shi ne ya riƙa gangarawa can ƙasa da gonarsa, yana haƙa inda ba ya hango ta.

Bana yashin can ƙasan ya ƙare, an taɓo laka. Murtala, direban da ya saba ba shi lodi, ya tsayar da tifa daidai gindin gonar, ya nuna farin yashin da ke kwance a ƙarƙashin gaɓa.

"Baba Muntari, nan ne kaɗai ya rage. In ba za ka iya ba, ga masu jira."

Muntari ya dubi mutanen, duk maƙwabtansa ne, kowa da shebur a kafaɗa, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Ya tuɓe rigarsa ya rataye a jikin motar, ya yi bisimilla, ya sauka cikin rafin.